Abin da Na Gaya wa Ba'amirke

Litinin, 13 ga Janairu, ƙarfe bakwai na safe, cikin bas

Tun ranar Juma'a ɗiyata, Babbar, ba ta yi mini magana ba. Gaisuwa dai tana yi, ba zan yi mata ƙarya ba. "Ina kwana, Maman," idonta a bango, ta ja jakar kayan wasanta ta fita. Jakar nan ta kusa tsawona, kuma warinta ya kama gidan duka, har labule. Shekara goma ina shanya kayan nan a banɗaki, yau ko kallo ban ishe ta ba.

Na gaji, kuma yanzu satin ya fara.

Talata, 14 ga Janairu, hutun rana a labo, ɗakin gwajin jini inda nake aiki

Bari in rubuta yadda abin ya faru, ko na ga inda laifina yake, don wallahi har yanzu ban gan shi da kyau ba.

Yarinyar nan hockey take yi, wasan da ake yi a kan ƙanƙara da sanda. Tana da shekara bakwai lekol ta kai ajinsu patinoire, filin ƙanƙarar, ta dawo gida ta ce ita ta ga abin da za ta yi. Mun ɗauka na kwana biyu ne. Yanzu shekararta sha bakwai, ita ke tsaron raga a ƙungiyar samari, ita kaɗai mace, ita kaɗai baƙa. Bara wani ya ɗauki wasanta a bidiyo, ya kai har wata tsohuwar jami'a a Amerika, irin wadda 'ya'yan ministoci ke nema su rasa. Mai horar da 'yan matan jami'ar yana da wurin mai tsaron raga guda ɗaya, kuma in ya kai sunan yarinya gaban masu ɗaukar ɗalibai, ƙofa ta buɗe. Tun kaka suke magana da shi, duk Lahadi sai ya aiko mata saƙo. Sai ya ce yana so ya gana da iyayenta ta bidiyo, wai haka suke yi, su san gidan da yarinya ta fito.

Malam yana Paris wurin aiki, sai daren Juma'a yake dawowa gida Rillieux, gefen Lyon, wannan satin ma aiki ya riƙe shi bai zo ba. Ni kuma Ingilishina bai wuce gaisuwa ba. Sai na kira Hajiya Rahama, Bakanuwar nan mai shagon atamfa a Guillotière, ta rufe shagonta ta zo ta yi mana tafinta. Har gwaggwaro ta ɗaura.

Ba'amirken mutum ne mai fara'a, da furfura a gemu. Aka gaisa. Sai ya ce in ba shi labarin ɗiyata, wace irin mutum ce.

Ga baƙo a gabana, ga yarinya zaune a ƙarshen tebur tana jina. Me zan ce? Na faɗi abin da kowace uwa mai hankali za ta faɗa. Na ce yarinya ce kawai, taurin kai gare ta, ba ta jin magana, sai an yi da gaske take tashi da safe. Na ce wasan ma ga ta nan dai, akwai waɗanda suka fi ta, su yi haƙuri da ita. Hajiya Rahama ta juya mishi, har da kaɗa hannu. Ya tambaya in abu ya yi mata tsanani me take yi. Na ce ta kumbura fuska ta shige ɗaki. Ya rubuta. Ya tambaya wane abu ne na fi alfahari da shi game da ita. Na yi dariya na ce Allah dai ya shirya ta.

Ya sake rubutawa. Daga nan fara'ar ta ragu, aka yi sallama.

Da na waiwaya, kujerar ƙarshen tebur babu kowa.

Laraba, 15 ga Janairu, da asuba

'Yar fari ce. Kuma sunan mahaifiyar Malam aka sa mata. Ta ina zan kama sunan nan in faɗa? Ko a takardar nan hannuna ba ya yarda. Innata ta rasu ba ta taɓa kiran sunan yayanmu ba, ba ta taɓa cewa ya yi abin kirki a gaban mutane ba, kuma duk Damagaram an san shi ne ranta. Shi ma ya sani. Ba wanda ya zaunar da shi ya yi mishi bayani.

Ban da haka akwai baki. Ni na san abin da baki ya yi a gidanmu, ba zan rubuta shi nan ba.

Alhamis, 16 ga Janairu, da yamma, cikin mota a ƙofar patinoire

Benoît, mai horar da su a nan, ya tare ni tun ban kashe mota ba. Ya ce, "Madame, me kika gaya wa mutumin nan?"

Na ce gaskiya na gaya mishi.

Ya ce Ba'amirken ya rubuto yana tambaya ko yarinyar tana da matsalar hali wadda ba a faɗa mishi ba, don bai taɓa jin uwa ta yi magana haka ba. Benoît ya dafe kai. Ya ce sauran iyaye suna zuwa da bidiyo da hotuna, har ƙarya suke ƙarawa, a ce yaro tun yana goye yake tare palet, ɗan faifan da ake bugawa da sanda. Ya ce wurin nan guda ne, kuma 'yan mata daga Kanada da Suwidin suna layi a kansa.

Na ce mishi ɗiya ba tumatir ba ce da zan kasa a tire in yi ta yabo. Ya dube ni kamar na yi mishi Larabci. Ya ce zai rubuta wa mutumin ya gyara abin da ya gyaru.

Yanzu ina zaune ina jira su gama. Ƙafafuna sun yi sanyi. Chauffage ɗin da ke ɗumama motar nan ma ya gaji da ni.

Asabar, 18 ga Janairu, da hantsi

Malam ya dawo jiya. Na ba shi labari, ya fara dariya, da ya ga ƙofar ɗakinta a rufe sai dariyar ta tsaya. Ya ce, "Ai da kin bari na dawo."

Na ce, "Kai da me za ka ce mishi?"

Ya yi ta juya cokali a shayi. Can ya ce da zai ce tana da natsuwa.

Na ce, "Shi ke nan? Natsuwa? To ka faɗi sunanta in ji."

Ya ce haba, sunan Hajiya ne fa. Na ce to ka gani. Duk jirgi ɗaya ya kwaso mu, ni ce kawai na zauna gaban na'ura.

Ya je ya ƙwanƙwasa mata, ta buɗe mishi. Sun daɗe a ciki suna Faransanci ƙasa-ƙasa. Shi kullum ana buɗe mishi, tunda baƙo ne na ƙarshen sati.

Lahadi, 19 ga Janairu, bayan la'asar

An yi wasa yau, an ci su. Palet ya wuce ta sau da yawa, har wani da ko ni na san ba ya wuce ta. Ina zaune can sama a wurina, kusa da ƙofar fita. Matan Turawa suna ƙasa jikin gilashi suna buga ganga suna kiran sunayen 'ya'yansu har murya ta dushe.

A mota ta yi magana, karo na farko. Da Faransanci, don ta san ya fi yi mini ciwo.

"Shekara goma kina zaune can sama kamar wadda ta zo gaisuwar mutuwa."

Na ce ai ina zuwa.

"Kina zuwa. Direban bas ma yana zuwa."

Na ce ta kama bakinta, da uwarta take magana. Ta kama. Har muka iso gida abin share gilashi yana ta kai da kawowa.

Yau Lahadi. Saƙon Amerika bai zo ba.

Talata, 21 ga Janairu, da rana

Na ɓata samfurin jini na wani bawan Allah, sai an sake kiransa. Shugabata ta tambaya ko lafiya. Na ce barci ne.

Laraba, 22 ga Janairu, da yamma, cikin taram

Na biya shagon Hajiya Rahama. Tun kafin in zauna ta fara wanke kanta. "Ni me na yi, Hassia? Abin da kika faɗa shi na juya, ban ƙara ba ban rage ba."

Na ce kin ƙara, na ga hannunki yana tashi.

Ta ce to ɗan gishiri ne, don kar Bature ya ce muna cika baki. Ta ce ita a ganinta ma na yi kyau, yarinya mai tashe irin wannan in ba a rufa mata ba idon mutane ya ci ta. Ta ce in ina so ta kira shi ta ce wasa muke yi. Na ce ta rufa mini asiri ta bar shi haka, kar a ce uwar ma ba ta da hankali.

Ta cusa mini yaji da kuka a leda, ta ce in yi wa yarinyar miyar da take so, ciki ne ke sauko da fushi. Na karɓa don kar a daɗe.

Alhamis, 23 ga Janairu, da safe

Na yi miyar. Ta ci, ta wanke kwanonta, ta ce merci.

Lahadi, 26 ga Janairu, bayan azahar

Ba saƙo. Ba ta faɗa mini ba, amma ina ganin yadda take kifa wayar a kan tebur.

Ina ta tunanin abin da mutumin nan ya rubuta a takardarsa. Taurin kai. Ba ta tashi da safe. Ni da bakina. In da maƙiyi ne ya faɗa, da na ci kwalarsa a tsakiyar dandalin Bellecour. Abin da ke ba ni haushi, duk wanda ya sha nonon Bahausa ya ji maganar nan zai gane ɗiyar ta kai ɗiya, shi ya sa uwar ke ɓoyo. Shi kuwa wannan, da digirinsa da furfurarsa, ya ɗauki alƙalami ya rubuta.

Asabar, 1 ga Fabrairu, ƙarfe goma na safe, Part-Dieu

An kira su horo na sati ɗaya a bayan Paris, su 'yan matan da aka zaɓo daga ƙungiyoyi. Za ta sauka wurin Gwaggo Turai, yayar Malam, a Château Rouge. Na kai ta gar, tashar jirgin ƙasa. Na ce in kama mata jakar, ta ce ta iya. Na ce Allah ya kiyaye hanya, ta ce amin, ta shiga ba ta waiwayo ba.

Na tsaya har jirgin ya tashi. Ban san me nake jira ba.

Litinin, 3 ga Fabrairu, da asuba

Na farka lokacin da muka saba fita, na rasa abin yi. Banɗaki fes, ba abin da ke ɗiga. Na ɗauka ranar da warin nan ya bar gidana zan yi sadaka.

Laraba, 5 ga Fabrairu, da rana

Na gaji.

Lahadi, 9 ga Fabrairu, da yamma

Yau ya kamata ta dawo. Ba ta dawo ba. Malam ya ce ta roƙe shi ta ƙara kwana biyu wurin Gwaggo, ya yarda. Ga lise, makarantarta, gobe, ga jarrabawar Faransanci a ƙarshen shekara, shi ya yarda. Na ce da ni aka yi shawara? Ya ce yana gudun tashin hankali ne. Mutumin nan zai iya gudun tashin hankali har ya faɗa rijiya.

Litinin, 10 ga Fabrairu, hutun rana

Na kira Gwaggo Turai. Muka gaisa a gurguje, ina gida, ina sanyi, ina kasuwa. Sai ta ce, "Hassia, zauna in kina tsaye."

Ta ce jiya suna gyaran alayyafo yarinyar ta tambaye ta, wai tsakaninta da Allah, Maman tana ganin ta iya wani abu a duniya kuwa? Gwaggo ta ce ta ajiye wuƙa ta yi mata bayani tun daga tushe, kunyar ɗan fari, sunan kaka, baki, duka. Yarinyar ta ce ta sani, tun tana ƙarama ta sani, ba yau ta fara ganin ana kiran ta Babbar kamar wata tukunya ba. Ta ce amma ita a Lyon aka haife ta, kuma ko sau ɗaya a rayuwa mutum yana so ya ji da kunnensa. Ta ce da ta ɗauka in rana ta yi rana, in abin ya zama na gaske, Maman za ta ajiye kunyar minti biyar. Rana ta yi, Maman ba ta ajiye ba.

Na ce, "Gwaggo, to ke ki yi wa Ba'amirken magana. Ke gwaggo ce, bakinki a sake yake, ki yabe ta son ranki."

Ta ce ta riga ta kawo wannan shawarar, yarinyar ta ce ba ta so. Gwaggo ta ce, "Ni kullum ina yabon ta, har ta daina ji. Ba nawa take nema ba. Ke da ƙanena Soumaïla kun kawo yarinya ƙasar mutane kun haife ta, kuna so ta ji shiru irin na Damagaram. Wa zai fassara mata?"

Ban ci abincin ranar ba. Yana nan cikin jaka.

Talata, 11 ga Fabrairu, da yamma

Na kira Benoît na ce ya nema mini mutumin nan, ina da sauran magana. Ya ce zai gwada, amma kar in sa rai da yawa, an daɗe ba a ji daga gare shi ba. Ya ce wa zai yi tafinta, matar ran nan? Na ce a'a.

Alhamis, 13 ga Fabrairu, da safe

Ya yarda. Asabar da la'asar, lokacin su can safiya ce. Na aika wa Babbar saƙo na ce ina zuwa Paris, kuma ita za ta juya maganata, ba wani ba. Ta amsa da harafi biyu, ok.



Asabar, 15 ga Fabrairu, ƙarfe tara na safe, cikin jirgin Paris

Ina ta gwada maganar a raina. Duk wadda na ɗauko sai in ji kamar na tuɓe zane a kasuwa. Na gwada da Faransanci, ta fito kamar takardar neman aiki. Da Hausa kuma ta ƙi fitowa. Matar da ke kusa da ni ta ga bakina yana motsi ta matsa gefe.

Na karanta Falaƙi da Nasi na tofa a hannu, na shafa wa hoton da ke wayata. Allah ka tsare mini ita daga bakina da na kowa. Inna, ki yafe mini.

Lahadi, 16 ga Fabrairu, da hantsi, ɗakin Gwaggo

Jiya na fito metro a Château Rouge, mutane kamar ranar kasuwar Dole, masu masara, masu kifi, masu kiran kitso. Na hau benen Gwaggo ina haki. Yarinyar ta buɗe ƙofa. Ta rame. Ta gaishe ni, ta karɓi jakata, wannan karon ita ta karɓa. Malam yana nan, bai koma Rillieux wannan satin ba. Gwaggo ta ce ita da shi za su je sayen nama, ta ja ƙanenta suka fita, ta bar mu da na'ura a kan teburin ɗinki.

Mutumin ya fito. Aka gaisa. Sai ya yi wata magana mai tsawo, a hankali, yana haɗa hannuwa. Na dubi yarinyar, fuskarta ba ta nuna komai ba. Ta amsa mishi a gajarce. Na ce me ya ce? Ta ce, "Yana gaishe ki. Ya ce yana saurare."

Na kafa idona a kan gemunsa, don in na dubi gefe ba zan iya ba.

Na ce ranar nan na yi mishi ƙarya. Na ce ba ni ke tashin ta da safe ba, ita ke tashina, tun tana 'yar shekara tara, ta tsaya bakin gadona da takalma a hannu. Ta juya mishi. Na ce shekarar da ta shiga cikin samari, da gangan suke auna kanta da palet don ta gudu, ba ta taɓa kawo ƙara ba, sai in na zo shafa mata man kaɗe nake ganin jikinta duk shaida. Ta juya, muryarta ta yi ƙasa. Na ce akwai sanyin da ta karye a yatsa ta ɓoye har aka gama gasa, ni na gane don na ga ta koma cin tuwo da hagu. Na ce in ta kumbura fuska ta shige ɗaki, ba kwanciya take ba, bidiyon wasan take kallo, wurin da aka ci ta, ta mayar ta sake mayarwa, ina jin ƙarar ta bango. Na ce a mota take karatu da fitilar waya, kuma ba ta taɓa kawo mini sakamakon da na ji kunya ba.

Wajen nan na lura ta daina juyawa. Ban tsaya ba, don na san in na tsaya shi ke nan.

Na ce taurin kai kam gare ta, wannan ban yi ƙarya ba, amma ya gaya mini wane mai laushin kai ne zai tsaya gaban abin da ke tahowa kamar dutse ya sa ƙirji. Na ce ina zama can sama ne don in na matso kusa ƙafafuna ba sa ɗaukata, duk bugun da aka yi mata a cikina yake sauka. Na ce na faɗa mishi akwai waɗanda suka fi ta, to ni ban taɓa ganin su ba, amma kar ya dogara da ni, don tun da aka fara ban taɓa kallon kowa a filin ba sai ita. Na ce ɗiyata ce, ta fari, kuma ban san abin da na yi wa Allah ya ba ni irinta ba.

Sunan ne bai fito ba. Na kai bakinsa na dawo.

Na gama, zufa har cikin ɗankwali. Mutumin yana ta kallona, bai fahimci ko kalma ɗaya ba tun tsakiyar maganar, amma bai katse ni ba, Allah ya saka mishi. Ya yi wata gajeriyar magana, ya dafa ƙirji. Ta amsa, ta rufe na'urar.

Na ce, "Me ya sa kika daina juya mishi? Yanzu ta ina zai sani?"

Tana kallon keken ɗinkin Gwaggo. Hancinta ya yi ja. Ta ce da Hausa, Hausarta mai karkacewa, "Maman, sun ba wata wurin. 'Yar Suwidin. Tun satin da ya wuce."

Na ce yaushe ya faɗa?

"Tun farko. Bayan gaisuwa. Ya ce ya yarda da kiran ne don ya faɗa mana da bakinsa."

 Na ce saboda maganata ce? Ta ce ya ce a'a, wai waccan ta fi tsawo kuma sun daɗe suna bin ta. Ta ɗaga kafaɗa. Ko gaskiya ya faɗa ko kara ya yi mana, ni da ita ba wanda zai taɓa sani.

Raina ya ɓaci, kunya ta rufe ni, na rasa wanne zan fara ji. Na ce, "Kin san babu wurin, kika bar ni ina ta zuba a gaban baƙo kamar zabiya?"

Ta share hanci da bayan hannu. Sai a lokacin ta dube ni, ido cikin ido, abin da na hana ta tun tana ƙarama.

Ta ce, "Ina so in ji ƙarshen."